Kwalin da Bai Hau Jirgi Ba

Amarya na durƙushe a tsakiyar falo, ta ɗora kwali a kan sikelin da ta ɗauko daga shagonta, tana cire wannan tana mayar da wancan. Kilo biyar sojoji suka yanke, kuma su ba su san a yi haƙuri ba. Safa ƙafa shida, sabulu, man goge baki, ganyen shayi, madarar gari, biskit, sai wasiƙa shafi uku da ta naɗe a cikin singileti don kada wani ya riga mai ita gani.

Wata biyar ke nan da aka tura mijinta, Kofur, aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa can ƙetaren teku, sati bakwai kacal bayan aurensu. Shi ya sa har yau ba wanda ya sauya mata suna. Ya bar ta a gidansu tare da mahaifiyarsa, Inna, da babbar yayarsa, wadda kowa ke kira Yaya, mace ce da Allah ya hore wa baki, ita kuma ba ta yi masa rowa ba.

Yaya ta ɗaga labule ta tsaya, ta riƙe ƙugu. "A'a! Ana haɗa wa shago kaya ne?"

"Na Kofur ne, Yaya."

"Na Kofur! Kwali huɗu kika ce kin aika, yaro ya ce ko tsinke bai gani ba. Abokansa kowa na buɗe nasa, shi yana zaune kamar maraya. Amma kantar shagonki kullum cike take da madara da biskit. Mu ba yara ba ne, ƙanwata!"

Maganar ta soki Amarya, amma ba kamar wadda ta ji a wayar satin da ya wuce ba. Duk Laraba da la'asar ake ba Kofur layi na minti uku. Rannan ko gaisuwa bai tsaya sun gama ba ya ce, "In ba za ki iya ba ki faɗa mini kawai, ba sai kin yi mini ƙarya ba." Daga nan ya ce ta ba Inna wayar. Ta yini tana kuka a bayan kanta, masu sayayya na tambayarta ko mura take yi.

"Ga rasit ɗin ofis nan guda huɗu," in ji Amarya, "kowanne da hatiminsa."

"Rasit? Akwai wanda ba a iya bugawa a kasuwa?"

Inna ta fito daga ɗaki a hankali, carbi a hannunta, fuskar nan ba annuri. Ba ta cika magana ba, amma idan ta yi, ta zauna.

"Ke yarinya, ki daina wahalar da kanki da wannan kwali. Gobe kawunsu zai zo. Na ga gara ki koma gidanku ki zauna har ɗana Auta ya dawo, in ya so ya yanke abin da ya ga dama."

Amarya ta sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mata, amma muryarta ba ta sunkuya ba.

"Inna, ki gafarce ni, amma ba inda za ni. A nan ya ajiye ni, a nan zai tarar da ni. Kwalin nan kuma sai ya tafi."

"Kin ji ko!" Yaya ta tafa hannu. "Wallahi yarinyar nan idonta ya bushe!"

Amarya ta ja tef ta liƙe kwalin da ƙarfi har sai da ƙarar ta cika falon. A da, duk kwalin da ta liƙe sai ta kai shi ɗakin Inna ya kwana, don Inna ta ce tana son ta yi masa addu'a kafin ya kama hanya. Yau kam Inna ba ta nema ba, ita ma ba ta kai ba.

Washegari da sassafe ta ɗauki kwalin sai ofishin iyalan sojoji da ke bariki. Magatakarda ya auna, ya buga hatimi, ya miƙo rasit ba tare da ya ɗago kai ba. Amarya ta ƙi matsawa daga gaban tebur.

"Ranka ya daɗe, daga nan ina kwalayen suke zuwa?"

"Sito, a filin jirgi. Na gaba!"

"Wa ke riƙe da siton?"

Sai yanzu ya ɗago ya dube ta. "Malama, ba a barin farar hula su shiga can."

"Ban ce za a bar ni ba. Tambaya na yi."

Mota biyu ta hau kafin ta kai filin jirgin. Sojan da ke gadin ƙofa ya ce ta juya, ta ce to, sannan ta samu wani dutse daura da shi ta zauna. Ya daka mata tsawa, ta ce ai titi na gwamnati ne. Rana ta take, gyalenta ya jiƙe da gumi, motoci na shiga suna fita, ita ko gezau. Wajen azahar sojan ya gaji da ganinta, ya ɗaga waya ya ce akwai wata mata a nan da ta fi ƙarfinsa.

Sajan mai sito ya fito da kansa, dattijo ne mai furfura a gashin baki. Ya karɓi rasit ɗin, ya karanta lambar Kofur, sai ya saki baki.

"Au! Ke ce mai kwalayen nan? Wata huɗu sun tsaya mini a wuya! Biyo ni."

Siton ya fi makaranta girma, kwalaye jere har rufi, kowanne da lambar mai shi. Can a lungu aka ware wasu da aka zagaye da jan tef. Tun daga nesa ta gane rubutun hannunta a kan guda huɗu, ƙura ta rufe su.

"Kowane kwali sai ya bi ta na'urar da ke leƙa cikin kaya kafin ya hau jirgi," in ji Sajan. "Dokar a rubuce take a bayan fom: ba kwalba, ba abu mai ruwa, ba abin da ba shi da tambari. Naki kuwa kowanne da kwalba a ciki. Mu kuma ba mu da ikon buɗe kayan mutum sai a gaban mai shi."

"Kwalba? Ni ban taɓa sa kwalba ba!"

Ya miƙa mata reza. Da ta juya kwalin farko sai ta ga an yanke tef ɗin ƙasa, an mayar da wani a karkace, aikin hannun da bai saba ba. Ta buɗe. A cikin safa ta sami wata 'yar kwalba an ɗaure bakinta da leda da zare. Tana kwancewa ƙamshin zuma da citta da tafarnuwa ya bugi hancinta. Haɗin Inna ne, wanda take ɗura wa duk wanda ya yi tari a gidan ko yana so ko ba ya so.

Na biyu haka, na uku haka, na huɗu haka.

"Me ya sa ba ku sanar da ni ba?" in ji Amarya.

"Wasiƙa huɗu muka aika!" Ya janyo fayil ya buɗe. "Ga katinsa. Makusanci: mahaifiya. Halin yaran nan ke nan, su yi aure su manta ba su sauya kati ba. Wadda sunanta ke nan ita muke rubuta wa."

Amarya ta zauna a kan wani kwali ta yi kukan da ta daɗe tana dannewa. Sajan ya juya mata baya yana gyaran abin da ba ya bukatar gyara. Da ta share ido, tare suka sake liƙe kwalayen, ya ce jirgi zai tashi jibi, kuma shi da kansa zai ɗora su duka biyar. Ta zuba kwalaben a jakarta ta yi godiya.

A mota zuciyarta sai tafasa take yi. Ta ga kanta ta jera kwalaben nan a gaban Kawu, ta ga bakin Yaya ya mutu, ta ji daɗin abin tun kafin ta yi shi. Wace ce ba za ta so haka ba bayan an kira ta ɓarauniya?

Ta tarar da falo ya cika. Kawu na kan kujera, Yaya na tsaye tana zayyana masa laifuka.

"Ga ta nan! Tun safe sai yanzu!"

Amarya ta durƙusa ta gaida Kawu. Ta dubi Inna, ta ga yadda tsohuwar ta rame a 'yan watannin nan, abin da fushi bai bar ta ta lura da shi ba sai yau. Ta riƙe jakarta gam.

"Kawu, a ba ni izini in ga Inna a ɗaki. Mu biyu."

"Me za ki faɗa da ba za a ji a nan ba?" in ji Yaya.

"Abin da ba naki ba ne, Yaya."

Kafin Yaya ta gama haɗiye wannan, Inna ta miƙe ta shige ɗaki. Amarya ta bi ta, ta tura ƙofa, ta durƙusa, ta fito da kwalaben ɗaya bayan ɗaya ta jera a kan tabarma.

Inna ta zuba musu ido. "Ina kika samo waɗannan? Ba su je ba?"

"Su suka hana komai zuwa, Inna. Jirgin soja ba ya ɗaukar kwalba."

Carbin ya suɓuce daga hannun Inna. "Ƙirjinsa ne... tun yana goye sanyi ke kama masa ƙirji. An ce ƙasar can akwai sanyi. Na san in na faɗa miki za ki ce kilo ya cika. Na ce 'yar wannan ai ba za ta yi nauyi ba."

"Sun ce sun rubuto miki har sau huɗu."

Inna ta ɗaga gefen katifa ta zaro ambulan huɗu masu ruwan ƙasa, ko ɗaya ba a buɗe ba.

"Irin wannan aka kawo mini ranar da babansu ya rasu a bakin daga," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Duk wadda ta zo sai in ɓoye, in jira Laraba. In na ji muryarsa sai in ce to, ba ita ba ce. Ban iya karatu ba, kuma ina tsoron in ba wani ya karanta mini abin da ba zan iya ji ba. 'Yar nan, na cuce ki! Da hannuna na yi, sannan na ɗora miki!"

Duk fushin da Amarya ta kwaso daga filin jirgi sai ya rasa wurin zama. Ta riƙe hannun surukarta. "Ba sai kowa ya ji ba, Inna. Za mu ce matsalar sito ce."

"A'a. A gaban mutane na tozarta ki."

A daidai nan wayar falo ta yi ƙara, ashe Laraba ce kuma la'asar ta yi. Inna ta riga kowa isa, ta ɗauka, ba ta ko amsa gaisuwar ɗanta ba.

"Auta, yi shiru ka ji. Matarka ba ta ci maka ko ƙwayar biskit ba. Ni ce!" Ta faɗa masa komai a gaban Kawu da Yaya, ba ta rage wa kanta ko kaɗan ba. Yaya ta nemi bango ta jingina, yau dai bakin nan ya sami hutu.

Saura rabin minti Inna ta miƙo wayar. Muryar Kofur ta zo daga nesa, a karye.

"Amarya... sori, don Allah. Na yi miki mummunan zato. Ki yafe mini."

Hawaye na zuba a idonta, amma ta tsaya cak.

"Ban yafe ba."

"Amarya!"

"Ba a waya ba, Kofur. Ka kula da kanka, ka dawo da ranka da ƙafafunka, ka tsaya a gabana ka faɗa. Kafin nan ina riƙe da kai, kuma ba ka da izinin mutuwa!"

Layi ya yanke. Kawu ya yi gyaran murya, ya ɗauki hularsa, ya ce shi bai ga shari'ar da za a yi a gidan nan ba.

Bayan wata bakwai wata motar soja ta tsaya a ƙofar gida. Kofur ya sauko, ya yi baƙi ya rame. Inna ta taho da gudu za ta rungume shi, sai ta tsaya, ta kama kafaɗarsa ta juya shi wajen matarsa. "Can za ka fara," ta ce. Ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya cire hular soja, ya faɗi abin da aka ce ya zo ya faɗa, maƙwabta na kallo. Amarya ta bar shi ya kai har ƙarshe, sannan ta ce ta yafe.

'Yan uwa, haƙuri ba shi ne a tattara kaya a tafi da laifin da ba a yi ba. Amarya ta tsaya a kan gaskiyarta har ta tono ta, da ta same ta kuma ba ta mari kowa da ita ba. Ku kuma masu zargi, ku bincika tukuna, don wani lokacin hannun da ya yi ɓarnar shi ne wanda ya fi kowa ƙaunarku.