Kwikwiyo Na Huɗu

Ranar da ta fara ganinsa, kan mataccen kare ne a hannunsa, cikin kula mai ƙanƙara. Likitan dabbobi ne, dogo, ya tsaya a ƙofar ɗakin gwaji yana kallonta har ya manta abin da ya kawo shi.

"Malam, gwaji ka kawo ko kallo?" ta ce tana gyara tabarau.

Daga ranar ya raɗa mata 'Yar Tabarau, ita kuma ta bar shi a Dogo. Aikinta binciken ƙwayar cutar haukan kare ne. Ƙwayar nan dangi-dangi ce kamar mutane, ta karnukan gari daban, ta dilolin daji daban, kuma in ta duba tsarin halittarta a kwamfuta takan gane inda ta taso. Shi ke kawo kawunan, ita ke faɗin asalinsu. A haka so ya shiga, ko warin wurin bai hana shi ba.

Baba, mahaifinta, shi ne ya ƙi.

"Mai yawo da kan kare? Ba a gidana ba!"

Shi yana da gwaninsa da yake so ta aura, wani direban babbar mota, ɗan amininsa, wanda ba ya dawowa hannu biyu. Tsarabarsa ta ƙarshe ɗan kwikwiyo ne, wai ya girma ya yi gadin gida.

Cikin mako guda Dogo ya kawo kawuna uku, duk na kwikwiyo. Da sakamakon ya fito, ta sake duba shi. Ta tura masa saƙo:

"Dogona, wannan ƙwayar baƙuwa ce, ban taɓa ganin irinta a garin nan ba. Danginta suna can nesa, bakin babbar hanya. Duka ukun iri ɗaya ne. Bincika min wa ya kawo su."

Sai la'asar amsa ta zo:

"'Yar Tabarau, ki zauna kafin ki karanta. Su huɗu ne, uwarsu ɗaya. Wani direba ya sayo su a hanya ya rarraba. Saura ɗaya ban gano ba."

Ita ta san inda yake. Ta kuma tuna filastar da ke yatsan Baba tun shekaranjiya, da yadda ya yi dariya ya ce wasa ɗan banzan yake.

Tare da Dogo suka isa gida. Kwikwiyon na ƙarƙashin benci yana gwaguyar ƙafar katako, yawu na zuba, haushinsa ya dushe. Tuwon kare ma ba a taɓa ba, ga kwanon nan cike.

"Kishi ne," in ji Baba da suka yi masa bayani. "Ka ga an fi ka, shi ne za ka ɗora wa yaron mutane sharri. Ba allurar da zan yi."

Dogo ya durƙusa.

"Baba, ciwon nan in ya nuna, babu magani. Ka yi allurar yau, ni kuma na haƙura da ita. Wallahi ba zan sake taka ƙofar nan ba."

Ta gyaɗa kai. Maganar ran Baba ake yi.

Sai kwikwiyon ya zabura ya cafki gefen zanin Mama. Dogo ya rufa masa buhu, ya danne. Baba ya dubi yatsansa, ya ɗauki hularsa ba musu.

Gwaji ya nuna ƙwayar ce dai. Direban ma sai da aka nemo shi aka yi masa allura.

Makonni suka shuɗe. Duk sanda Baba ya ɗaga kofin ruwa sai ta zuba wa maƙogwaronsa ido, tana tsoron ranar da ciwon zai hana shi haɗiya. Wayarta kuwa shiru, Dogo ya riƙe alkawari, kewarsa na cinta.

Wata safiya Baba ya shanye kofi guda, ya dire shi gabanta.

"Kin gani? Ki daina ƙirga min kurɓi. Ina yaron nan mai kula?"

"Ai ya yi maka alkawari, Baba."

"Shi ya yi. Kin ji na karɓa?"

Ranar ɗaurin aure Baba ya kama hannun Dogo da hannun nan mai tabo.

"Don raina ka yarda ka rasa ta, to ga ta na ba ka. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku da zuriyarku daga abin da ido ba ya gani."