Goron da Gado Ya Janye

Ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Maraɗi, kuma da asubahin ranar aka yi ruwan shuka. Gari ya yi luf, ƙasa na ƙamshi. Shekaru kaɗan ke nan da Gulbi ya cinye tsohon gari, Nasara suka sa aka komo bisa tudu.

Gado na tsugune a ƙofar gidan likita yana wanke kwanonin magani. Saurayi ne da ba ya iya zama wuri guda. Ya gudu daga lakwal, makarantar boko, tun bai yi nisa ba, ya taɓa ɗinki ya bari, ya taɓa awon gyaɗa ya bari. A nan kaɗai ya daɗe, yana wanke miki a ƙarƙashin majo, babban ma'aikacin gidan.

Sai ga wata budurwa tana jan jaki, wata dattijuwa a bisa, ƙafarta ɗaya a miƙe.

"Kai ne likitan, ko kai ne mai wanke-wanke?" in ji budurwar.

Gado ya ɗago kai. Ya ajiye kwanon da ke hannunsa.

"Duka biyun," ya ce da ƙyar.

Sunanta Tsahara, daga Jiratawa. Dattijuwar mahaifiyarta ce, Baraka. Kurkunu ne ya fito mata a saman gwiwa, farin kansa ya leƙo kamar zare.

Gado ya tsoma ƙyalle a ruwa ya ɗora a wurin har tsutsar ta ƙara fitowa. Ya kama ta a hankali, ya naɗa a jikin ɗan kara, ya juya kaɗan, ya tsaya.

"Ki duba da kyau," ya ce wa Tsahara. "Kullum kaɗan. Da kin ji ya yi tauri, ki bar shi sai gobe. In ya katse a ciki, ƙafa za ta kumbura ta yi ruwa. Ki dafa ƙyallen kafin ki ɗaura. Kada ta shiga tabki da ƙafar nan. Ruwan sha kuma ki tace shi da zane mai tsabta, don daga ruwa yake shiga."

"Yaro, kai da ke magana kamar ana korarka, kai ne mai koya wa mutane haƙuri?" in ji Baraka, tana dariya duk da zafin.

Tsahara ta gwada riƙe karan, hannunta ya hau rawa.

"Bari," Gado ya ce da sauri. "Ni zan riƙa zuwa."

Haka aka fara. Kullum bayan la'asar sai ya hau keken aro ya gangara Jiratawa. Ya wanke hannu, ya wanke wurin da jan magani, ya juya karan, ya ɗaure. Baraka ta sa a dama masa fura, ta zaunar da shi tana tsokanarsa. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana goye, bai taɓa sanin daɗin a yi masa faɗa don bai ci abinci ba sai a gidan nan.

"Gado, ɗana, zauna mana. Tabarmar ƙaya gare ta?"

Tsahara ke raka shi bakin hanya. Shi yana ce mata Ta Gulbi, ita tana ce masa Gaggawa.

"Ta Gulbi, in kurkunun nan ya ƙare, da wane dalili zan riƙa zuwa?"

"Ka sha ruwan tabkinmu, naka ya fito, sai ni in riƙa zuwa."

"Ke da hannunki ke rawa?"

"Wa ya bar ni in koya? Kullum sai ka karɓe."

Gaskiya ta faɗa. Bai sake ba ta karan ba, don yana son a ci gaba da bukatarsa.

Ana cikin haka ya ji labari a kasuwa cewa Nomau na Tibiri, manomi mai rumbuna da doki, na shirin aika goron neman Tsahara. Gado bai ko koma wurin aiki ba, ya nufi gidan kawunsa Idirisa.

"Ka bari matar ta warke tukuna," in ji kawun.

"Kawu, kafin ta warke an riga ni."

"Ka san mi goro ke mayar da mutum?"

Bai tsaya ya saurara ba. Washegari aka kai goro Jiratawa.

Da la'asar ya iso da kekensa kamar kullum, sai ya tarar da Maidawa, mahaifin Tsahara, zaune a bakin ƙofa. Dattijon bai matsa ba.

"Samari, jiya likita kake. Yau ka ce suruki kake son zama. Ina ka taɓa jin suruki ya ga gwiwar surukuwarsa?"

"Baba, magani ne."

"Na sani. Ita ma ta sani. Tun da goro ya shigo ta lulluɓe, ta ce ko muryarka ba ta iya amsawa. Ni kuma ban ce na ba ka ba. Wanda ya riga ya ga abin da ka gani, ban san yadda za mu zauna da shi ba."

Gado ya zagaya bayan danga. Ta can ciki Tsahara ta tsuguna gaban uwarta, shi kuma yana faɗa mata abin yi ta tsakanin kara.

"Kin jiƙa? To juya kaɗan."

"Ba ya tahowa, Gaggawa. Tsoro nike ji."

"To bar shi. Gobe."

Gobe ma haka, jibi ma haka. Abin da za ta iya koya da hannunsa a kan nata, ba ta iya koyonsa ta bayan danga ba. Ga ciyawa ta taso a gona, ga matar gida a kwance. Wata safiya Maidawa ya gaji, ya ture 'yarsa gefe, ya kama karan ya ja da ƙarfin mai noma.

Atika, ƙawar Tsahara mai kawo rama kasuwa, ita ta kawo saƙon gidan likita.

"Ta ce in ce maka: Gaggawa, ya katse. Ƙafar Inna ta yi kamar turmi, jikinta wuta. Baba ya yanka jan zakara, ba ta sauka ba. Inna ta ce ko mutuwa za ta yi ba ta buɗe ƙafarta gaban suruki, ba ta kuma zuwa gidan da kake aiki. Ban san abin da zan yi ba."

Gado ya daɗe tsaye. A karo na farko a rayuwarsa bai ruga ba. Ya tura keken a ƙasa har ya wuce kasuwa, yana tunani. In ya yi kamar ya janye goron alhali wasa ne, Baraka za ta gane. In ya raɗa wa Tsahara cewa dabara ce, fuskarta za ta tona. Hanya ɗaya ce, kuma dole ta zama ta gaske.

Da ya isa Jiratawa ya durƙusa gaban Maidawa, ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji.

"Baba, na zo in janye maganata. A mayar wa kawuna goronsa. Ba ni neman ɗiyarka."

Daga bayan danga aka ji taɓarya ta faɗi.

Maidawa ya dube shi, ya dube shi, sannan ya matsa daga bakin ƙofa.

Baraka na kwance, idanunta sun faɗa. Ta janye zanen daga fuskarta.

"Gado, ɗana," ta ce a hankali. "Ka zo?"

Ranar aka ɗora ta a jaki zuwa Maraɗi. Majo ya tsaga wurin, ruwa ya fita, ya ce in an kula za ta rayu, amma jinyar mai tsawo ce. Aka mayar da ita gida.

Wannan karon Gado bai karɓe komai ba. Ya sa Tsahara ta wanke hannu har gwiwar hannu. Ya nuna mata yadda ake wanke miki daga tsakiya zuwa waje, da yadda ake juya mara lafiya kada bayanta ya yi gyambo, da yadda ake ɗaga kanta a ba ta kunu kaɗan-kaɗan. Ya sa ta taɓa goshin uwar safe da yamma, ta faɗa masa ko zafi ya ƙaru. In ta yi kuskure, sai ta sake da kanta.

Ta koya sarai. Hannunta ya daina rawa. Sai dai ba ta ƙara duban fuskarsa ba.

"Ta Gulbi, miƙo ƙyallen."

"Sunana Tsahara, malam likita."

Ba ta sake raka shi ba. Shi kaɗai yake tura kekensa cikin taɓo, in ya kai inda suke tsayawa da, sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Zuwan safe da yamma ya sa ya riƙa makara, har aka sa wani a gurbinsa a gidan likita. Mai keke ma ya karɓi kekensa. Ya ci gaba da zuwa a ƙasa.

Nomau kuwa ya aiko da goronsa, ya kuma zo da samarin Tibiri suka nome abin da ya rage na gonar Maidawa. Mutumin kirki ne, ba wanda ya ce ba haka ba. Aka fara zancen biki bayan kaka.

Atika ta sake tare Gado a hanya.

"Ta ce in ce maka: na gode da jinyar Inna, Allah ya biya ka. Amma da ka faɗa mini tun farko cewa warin miki ya fi maka daɗi da zama da mu. Ka wulaƙanta ni gaban gidanmu. In Inna ta tashi, kada ka ƙara biyowa ta ƙofarmu."

"Ki ce mata na ji," ya ce. Ya juya don kada Atika ta ga idonsa.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da mikin ya rufe. Gwiwar dai ta sandare, duk da motsa ta da Tsahara ke yi kullum. Ranar da Baraka ta fara tsayawa da sanda, ta ce a kira mata maigida. Gado na tattara kayansa, Tsahara na gefe tana ninke ƙyalle.

"Gado, mi ya sa ka janye goronka?" in ji Baraka.

Gado ya ci gaba da tattara kayansa.

"Ba ka faɗi, ni in faɗi. Tun ranar na gane. Na yi shiru don ina son raina, na bar ɗiyata tana kuka cikin zane. Tsahara, yaron ga bai ƙi ki ba. Suruki ba ya shiga ɗakin nan, shi ya sa ya daina zama suruki."

Ƙyallen ya zame daga hannun Tsahara.

"Baraka," in ji Maidawa, "ya dai ga abin da ya gani. Mutane za su yi magana."

"Gwiwar da ya gani ga ta nan, maigida, ta zama icce. Wanda ya ja karan bai ji kunyar mutane ba. Wanda ya wanke ta shi za ya ji?"

Maidawa ya juya wajen Gado.

"To Nomau fa? Ya yi mana noma."

"Ni zan biya shi da hannuna," in ji Gado. "Zan yi masa girbi har ya ce ya isa."

Dattijon ya tashi, ya ɗauki sandarsa. A bakin ƙofa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Gobe Laraba, kasuwar Tibiri. Zan tahi in ba shi haƙuri."

Tsahara ta matso, hawaye na zuba.

"Mi ya hana ka faɗa mini?"

"Da na faɗa miki, da Inna ta gani a fuskarki."

"Na aika maka magana mai zafi."

"Ni na jawo. Kawu ya ce in jira, ban jira ba. Ke kin ce in koya miki, na ƙi. Ki yafe mini, Ta Gulbi."

"Gaggawa," ta ce kawai, ta rufe fuska.

Baraka ta buga sandarta a ƙasa.

"To ya isa. Ka ce wa kawunka ya maido goro ran Juma'a. Daga ran nan ni da kai sai daga nesa, ka sani. Don haka yau ajiye kayan nan. Tsahara, dama masa fura, ki sa nono da yawa. Zauna, Gado, ɗana. Zauna in gan ka da kyau."

Ya zauna. Ta yi ta tsokanarsa, ta ba shi labarin yarintar Tsahara, ta yi masa faɗan ramar da ya yi. Bai motsa daga tabarmar ba har rana ta yi ja.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Nomau ya yafe, har ya aiko da damin gero. Aka kai amarya Maraɗi bisa tudu da guɗa, dattawa suka sa albarka: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai jin ƙai, ya raba su da gaggawar da ke kawo nadama. A Jiratawa kuwa, duk wadda kurkunu ya fito wa, Tsahara ake nema, kuma ba ta barin gida sai ta ga wani a gidan ya iya riƙe karan da kansa.

Ga abin da aka rasa. Gwiwa ɗaya, wadda ba ta sake lanƙwasawa ba. Rabin geron damina guda. Aikin Gado a gidan likita. Sai muryar Baraka tana cewa "Gado, ɗana." Ta yi shekaru da yawa bayan haka, tana aiko masa da fura duk ranar kasuwa, amma in ta hango shi tafe sai ta ja zane ta rufe fuska, shi kuma ya cire takalmi ya durƙusa daga nesa. Bai sake jin ta kira sunansa ba.