Gurbin Wanda Za A Sanar

Ranar kasuwar shanu Bubayaro ya fara shigowa ofishin Alhaji Babagana, takalminsa duk taɓo, ya tsaya gaban teburin Munawwara kamar wanda ya yi ɓatan hanya.

Sana'ar Alhaji ita ce shirya tafiyar masu zuwa neman aiki Gabon: mota daga Potiskum zuwa Kalaba, daga can jirgin ruwa. 'Yarsa Munawwara ce ke buga sunayen matafiya a kwamfuta. Ba ta ɗago ba. Suna, shekaru, gari, sai gurbi na ƙarshe: wanda za a sanar idan wani abu ya faru.

Ya ce mahaifiyarsa na ruga bayan Gadaka, ba ta da waya. A ƙa'idar ofishin, wanda ba shi da kowa lambar Munawwara ake sa masa. Ta sa, ya zama na sha bakwai a jerin, sannan ta dube shi. Dogo ne siriri, yana murmushin kunya.

"Ke nan yanzu ke ce dangina, Malama?"

Ba ta yi dariya ba. Rabonta da dariya shekara uku, tun da jirgin da ya ɗauki yayanta Ari ya nutse. Shi ma sunanta ya bayar, ita aka kira. Ta ce "to", ta ajiye wayar, ta ci gaba da buga sunaye. Hawaye bai zo ba ranar, bai kuma zo ba daga baya. Abinci ma ci kawai take yi, ba ta jin gishirinsa.

Bayan la'asar saƙo ya shigo:

"Dangina, ina gwada lambar ne in ga ko tana aiki. Lamba sha bakwai ne."

Ta daɗe tana kallonsa kafin ta rubuta: "Tana aiki."

Saura wata biyu jirgi ya tashi. Kullum sai ya rubuto: yadda cuta ta cinye garkensu, yadda bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogi ba. Ita kuwa amsarta kalma biyu ce ko uku, amma ta lura ta daina barin wayar a jaka. Ta fara kiransa Sha Bakwai.

Da baffansa ya je neman iri, Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya ƙi. Ya ce ba ya ba da 'yarsa ga mutumin da shi da kansa zai sa a jirgi. Ga Basiru mai kemis nan, ƙafarsa a ƙasa take.

Ana saura kwana huɗu tafiya aka liƙa sunaye a ƙofa. Babu Bubayaro. Da dare saƙonsa ya shigo:

"Na gani. Alhaji ya hana ni ke, ya hana ni hanya. Allah ya ba Basiru zaman lafiya."

Ta karanta, ta mayar da wayar jaka.

Alhaji ya ƙirga, talatin da tara. Ya tambaye ta ina cikon na arba'in. Ta ce ita ta goge shi, muryarta a dake kamar mai karanta rasit.

"Baba, an kira ni a kan Ya Ari. Ba zan iya a sake kira na ba."

Tun rasuwar ba wanda ya ambaci sunan a gabansa. Ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Can ya ce shi ma tun lokacin ƙafarsa ba ta sake taka Kalaba ba; direbobi yake bar wa mutane, ba mai tsaya musu a bakin ruwa ya ga irin jirgin da za su shiga.

Ya sa aka kira Bubayaro, ya gaya masa wadda ta goge sunan. Ya ce yana neman mai rakiya: ya kai su, ya duba jirgi, ya ƙirga su, ya dawo. Ba arzikin Gabon ba ne. In kuma tafiyar yake so, kujerarsa na nan.

Bubayaro ya dubi Munawwara, wadda ta zuba wa kwamfuta ido.

"Alhaji, na yi kiwon shanu ɗari, ban taɓa kwana ban san inda kowacce take ba. Zan iya da mutane."

Ran kwana na shida da tafiyarsu, da hantsi, wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Sai da ta kusa tsinkewa ta danna.

"Dangina, wayata ta mutu, na ari ta wani. Talatin da tara sun shiga lafiya. Ɗaya yana hanyar gida."

Ta buɗe baki ta ce "to", sai kuka ya riga ta. Ta kifa kai a tebur ta yi ta yi, na shekara uku gaba ɗaya. Alhaji yana bakin ƙofa, bai ce ta yi shiru ba.

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aurenta da Bubayaro. Mahaifiyarsa ta zo daga ruga da ƙwaryar nono a ka, ta kama hannun amarya ta daɗe tana sa albarka da Fulatanci. Munawwara ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma duk inda tsohuwar ta numfasa sai ta ce amin, tana dariya.

Allah ya bar su tare, ya mayar da kowane matafiyi ga mai jiransa.