Kwalbar Jinin Rakiya

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Ni na wasu na saba karantawa. Amma abin ya ƙi barin ƙirjina.

Sunana Larai. Kati nake yanka a sashen gaggawa na wani asibiti a nan Kaduna. Kullum cikin hayaniya muke: mai naƙuda, wadda risho ya ƙone, bakaniken da ƙarfe ya datse wa yatsa. In layi ya lafa sai in zaro littafina daga ƙarƙashin katuna.

Wata Talata da la'asar aka banko ƙofa.

"Jama'a ku taimaka!"

Yaya Shu'aibu ne, wanda aka sa mana rana bayan Babbar Salla. A hannunsa Rakiya ce, 'yar Baffana da muke ɗaki ɗaya a Badarawa, jini ya jiƙe mata zane. Mota ta kaɗe su a Kurmin Mashi, suna kan Besfarsa... Besfar da ya ce ba zai goya ni ba sai an ɗaura, saboda bakin mutane!

Ni na rubuta katinta. Sau biyu biro yana faɗuwa.

Sista Ladi, babbar nas ɗinmu, ta fito da sauri. "Jini take buƙata yanzu-yanzu! Ina danginta?" A wajenmu sai naka ya bayar ake ƙara maka.

Ba ta rufe baki ba Shu'aibu ya naɗe hannun riga.

"A ɗibi nawa, Sista! A ɗibe duka!"

Duka! Bara da aka yi wa Babana aiki, da kuka na roƙe shi, ya ce shi ganin allura jiri yake sa shi. Lemo ya kawo.

"Yaya Shu'aibu, ina jirin?"

"Haba Larai, yanzu lokacin wannan ne?"

"Ina za ku?"

"Hanya na rage mata..."

"Gidanmu ya koma Kurmin Mashi ne?"

Ya sunkuyar da kai.

Aka gwada nasa, bai dace ba. Ya zube a benci yana kuka. "Rakiyata... kar ki tafi ki bar ni!"

Ni ko sau ɗaya bai taɓa ce mini Laraina ba.

Sista ta dube ni. "Ke fa? Ba jininku ɗaya ba?"

Allah ya yafe mini, sai da na yi jim. Sai na taɓa kaina, na ji kitson da Rakiya ta yi mini jiya, tana tsokanata da amarya.

"Ɗibi nawa, Sista. Amma don Allah kar ki faɗa wa kowa."

Ina kallo kwalbar ta cika.

Kafin magariba Rakiya ta farfaɗo. Baffa da su Inna sun kewaye gadon suna hamdala. Da ta buɗe ido ba Baffa ta nema ba.

"Shu'aibu... ka ji ciwo?"

Na koma teburina. Akwai ambulan na takarda da muke adana kayan majinyaci a ciki; na Rakiya 'yan kunne ne da awarwaro. Na kwance agogon da Shu'aibu ya kawo mini ranar sa rana, na jefa a ciki, na liƙe.

Na ja gyale na rufe audugar da ke hannuna, na ɗauki littafina, na bi ta ƙofar baya. Ba wanda ya waiwayo.