Hannun Jak a Ƙusar Sama

Shekara goma sha tara na yi ina buga bayanan shaidu a caji ofis da yatsa biyu, kuma gara ku ji daga bakina: ni ne mutumin da ya rubuta a takardar hukuma cewa jaki ya kashe wani dattijo. Jak ake nufi, na ɗaga mota. Yatsana ya ƙara harafi ɗaya, takardar ta hau har teburin Babban Ofisa, ya dawo da ita da jan biro yana tambaya ko an kama jakin. Ni kaɗai aka yi wa dariya a maganar nan. Sauran babu abin dariya a cikinta.

Wayar ta shigo ranar Asabar, ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe. Sufeto ya ɗauki hularsa, ya ɗauki Kofur, suka tafi.

Garejin a manne yake da gidan, ƙofa ɗaya waje, ɗaya cikin tsakar gida. Motar da ke ciki ta girmi Sufeto nesa ba kusa ba: dogon bonet, manyan kumatu, rabinta koren fenti mai sheƙi, rabi toka-toka. Ta durƙusa ta gaban hagu inda aka cire taya. Mai ita tsohon direban bas ne da ya yi ritaya, unguwa na kiransa Sarkin Tsatsa. Shekara ashirin yana haɗa motar nan ƙarfe-ƙarfe. Yanzu yana kwance a gefenta an rufe shi da zani.

"Wa ya fito da shi?" in ji Sufeto.

"Mu ne, ranka ya daɗe," in ji wani maƙwabci. "Mu shida muka ciccibi motar da hannu."

"Ga jak a ƙarƙashinta. Me ya hana ku ɗagawa da shi?"

"Ba mu ga hannunsa ba. Mun duba ƙasa, babu."

Sufeto bai duba ƙasa ba. Ya ɗaga kai. Can saman bango, kusa da rufi, hannun jak ɗin yana rataye a ƙusa, an goge shi tas, an cusa masa tsumma a baki. Ya dube shi jim.

A kan wata kujerar ƙarfe akwai mace zaune, shekarunta talatin da 'yan kai, gajeriya, farcenta baƙi da mai. 'Yar marigayin ce, malamar lissafi a sakandare, kuma ita ce abokiyar aikinsa a garejin duk Asabar da Lahadi. Injiniya mahaifin nata yake kiranta.

"Ni ce," ta ce. "Ka rubuta ni ce."

"Ke ce me?"

"Baba ba ya shiga ƙarƙashin mota sai an tura gungumen can a gefen jak, ko da jak ya saki. Aikina ne turawa. Da ƙarfe takwas muka cire tayar, takwas da rabi na tafi makaranta, ina da 'yan jarrabawa." Ta nuna kusurwa. Gungumen itacen yana zaune a mazauninsa jikin bango. "Ga shi can."

"Kin tura ko ba ki tura ba?"

"Da safe zan iya rantsewa na tura. Yanzu ban sani ba."

A tsakar gida dangi sun riga sun yanke hukunci. Wata gwaggo tana faɗa da ƙarfi, don a ji, cewa dama mace da spana ai ƙarshenta ke nan. Uwar gidan tana zaune a ƙofar ɗaki, ta juya wa garejin baya, ta juya wa 'yarta baya.

Sufeto ya durƙusa ya yi mata gaisuwa.

"Mama, ke kika fara ganinsa?"

"Ni ce. Na kai masa shayi sha ɗaya, daga bakin ƙofa na hango shi."

"Ba ki ji faɗuwar motar ba?"

"Ɗana, shekara ashirin ina jin ƙarfe na faɗuwa a ɗakin can. Na ji, wajen goma da rabi. Na ce ya sake yar da wani abu."

"Wani ya zo wurinsa?"

"Babu kowa. Shi da rediyonsa ne. Tun wajen goma rediyon yake ta surutu, ƙasa-ƙasa."

Kofur ya koma garejin ya ɗauko rediyon daga kan benci. Ya buɗe gidan batir. Ƙananan notina ne cike a ciki, babu batir. Ba rediyon nan ne ya yi surutun ba.

Da suka dawo ofis Babban Ofisa ya karanta bayanin ya ce ai magana ta fito, yarinya ta amsa da bakinta, sakaci ne da ya jawo rasa rai, a shirya takardar kotu. Sufeto ya nemi a ba shi zuwa Litinin. Aka ba shi, ba don an yarda da shi ba, sai don ba a zama kotu ranar Lahadi.

Washegari da safe ya sa Kofur ya ɗaga motar da jak ɗin nan, ya shata alli a jikin ƙarfen, suka zauna gadi. Awa uku jak bai sauka ko kaurin farce ba. Babu ɗigon mai a ƙasa.

Aka kira Injiniya. Idanunta sun kumbura.

"Jak ɗinku lafiyarsa ƙalau," in ji Sufeto. "Ba ya sauka sai an murɗa notin saukewa da bakin hannunsa. Mahaifinki kan rataye hannun kafin ya shiga ƙasa?"

"Har abada. Dokar Kaka ce, mahaifin Baba. Muddin mota na sama, hannu na jikin jak. Sai ta sauka ake gogewa, a toshe baki saboda ƙura, a rataye. In ka ga hannu a bango, to babu abin da ke sama."

"Wa da wa suka san dokar?"

"Duk wanda Kaka ya buga wa spana a yatsa. Da ni, da na gaba da ni duka."

"Nuna mini inda ake ratayewa."

Ta taɓa wata ƙusa daidai kafaɗarta.

"A ta sama muka same shi," in ji Sufeto.

Ta ɗaga kai. "Waccan? Ai an daina amfani da ita. Kafaɗar Baba ta daina ɗaguwa, ni kuma ka ga tsawona. Shekara biyar ke nan da na kafa wannan."

Sufeto ya ce ta miƙa hannu. Ta yi ɗage, yatsunta ba su kai ba, saura fiye da taƙi.

Sai ya jawo wani ƙunshi da Kofur ya gani a bayan bokitin fenti, an naɗe shi da tsohuwar jarida an ɗaure da igiyar tub ɗin taya. Ya kwance. Gilashin fitila ne, zagaye, mai zane kamar haƙarƙarin kifi. Injiniya ta dafa benci.

"Ina kuka samo wannan? Na dama ke nan. Shekara tara Baba yana nemansa. Jiya da na fita babu shi a nan."

Mutum ɗaya ne a garin ke sayar da irin waɗannan tarkace, wani mai tsofaffin kayan mota a bayan tasha. Sufeto ya ajiye gilashin a kan teburinsa.

"Ban taɓa ganinsa ba, yallaɓai."

"Ban tambaye ka ba tukuna."

"To, ko ka tambaya."

Sufeto ya nuna masa ƙullin igiyar, sannan ya nuna ƙunsassun kayan da ke kan kanta, duk irin ƙulli ɗaya. "Ba na sata nake bi ba. Rai aka rasa."

Mutumin ya share zufa. "Ƙanin Sarkin Tsatsa ne. Shekara huɗu yana min sintiri, duk wata sai ya leƙo, gilashi ya samu? Ranar Laraba ya samu. Ya ce kada in faɗa wa kowa, shi zai kai da hannunsa."

Ƙanin marigayin dogon mutum ne mai furfura, bakanike ne na manyan motoci, yara na ce masa Baffa. Sufeto ya same shi a ƙofar gidan marigayin a cikin masu karɓar gaisuwa, ya ja shi gefe.

"Yaushe rabonka da garejin?"

"Shekara shida. Kowa ya sani."

"Me ya haɗa ku?"

"Motar mahaifinmu ce, tare muka fara. Na gaji da neman kayan asali, na ɗaura mata kaburetar zamani. Ya zo ya gani, ya ce in ajiye spana in fita. Ita ce maganarsa ta ƙarshe da ni."

"Jiya da safe kana ina?"

"A gida, ina fama da baya." Ya dubi tsakar gidan. "Yarinyar nan ku sassauta mata, yallaɓai. Mantuwa ce."

"Za a duba. Amma ina neman taimako. Kofur ɗina ya ɗaga motar, ya rasa yadda zai sauke ta. Tsorona kada a sake wani haɗarin."

Baffa ya girgiza kai irin na mai sana'a da ya ga aikin 'yan koyo. Suka shiga. Injiniya na tsaye a kusurwa.

Ya durƙusa ya zare hannun jak, ya sa bakinsa a notin, ya murɗa kaɗan-kaɗan. Motar ta sauko a hankali kamar raƙumi zai kwanta, ta zauna a kan katakon da Kofur ya shimfiɗa. Ya mayar da notin ya ɗaure. Yana ta yi wa Kofur faɗa cewa ba a sakin jak gaba ɗaya, hannayensa kuwa suna aikinsu su kaɗai. Suka ɗauki tsumma suka goge ƙarfen daga sama har ƙasa, suka toshe bakin. Ya juya ya miƙa dogon hannunsa, ya rataye a ƙusar sama.

Hannunsa na nan a sama, bai sauke ba. Sai a lokacin idonsa ya faɗa kan ƙusar ƙasa, da alamar mai a bangon gefenta.

"Baffa," in ji Injiniya. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Sufeto ya ajiye gilashin fitilar a kan bonet.

Baffa ya zauna a kan gungumen.

"Sulhu na zo yi," ya ce. "Wallahi sulhu. Na shigo ta ƙofar waje, na ga ƙafafunsa sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Na yi sallama. Shiru. Na ce Yaya, ga gilashin dama, na samo. Shiru. Na durƙusa a nan, ni da furfurata. Na ce na yi kuskure a kan kabureta. Na ce mun tsufa, saura mu biyu a ɗakinmu. Na tuna masa ranar da Baba ya koya mana tuƙi a cikinta, shi a sitiyari, ni a kan cinyarsa. Rabin awa ina magana da tafin takalmi."

"Sai me?"

"Ko ƙafa bai motsa ba. Ko tari. Shekara shida yana min shirun nan a gaban mutane, na shanye. Amma in zo har ƙasa..." Ya nuna inda ya durƙusa. "Na ce to bari in ga ko wannan zai sa ka yi magana. Na janye gungumen. Na murɗa notin. Nufina ta sauko kaɗan ya firgita, ya zage ni ma in ya so. Sai na zarce, na sake shi duka."

"Ba ka kira kowa ba."

"Na leƙa na gani. Na san babu amfani."

"Gungumen fa? Wa ya mayar da shi jikin bango?"

"Ni. Shi da gangan na yi." Bai dubi kusurwar ba. "Na san wa za a ce. Hannun jak ɗin kuwa, yallaɓai, ban ma san na rataye ba."

Kofur ya fito da ankwa. Sufeto ya yi masa alama ya mayar, ya kama dattijon a gwiwar hannu ya tashe shi. A bakin ƙofa Baffa ya tsaya.

"Injiniya, kin tura gungumen. Daidai kika tura shi, yadda ya kamata."

Aka wuce da shi ta tsakiyar masu gaisuwa, suka dare biyu suka ba da hanya. Har gwaggon nan ta matsa gefe.

Uwar gidan ta taso daga ƙofar ɗakinta, ta tako har cikin garejin da aka ce rabonta da shi tun ana fentin bango. Ta tsaya gaban 'yarta, ta kama hannayen nan masu baƙin farce, ta riƙe. Sufeto ya ja musu ƙofa ya fita.

Ranar Litinin na buga bayanin Baffa, shafi huɗu, ya karanta ya sa hannu a kowane shafi. Na yaga takardar sakacin da aka shirya wa Injiniya.

Rahoton likita ya iso ranar Alhamis. Zuciyar dattijon ce ta tsaya, wajen ƙarfe tara na safe, awa ɗaya kafin ƙaninsa ya yi sallama.