Angon da Ke Kwashe Kashin Biskit

Harshen kare ne ya fara haɗa su, kuma har gobe idan Atine ta tuna sai tsigar jikinta ta tashi.

Ta taso daga aikin dare a asibiti, tana takawa zuwa gidansu a Largo, can Amurka, sai ta ji wani abu mai ɗumi da danshi a idon sawunta. Wani ɗan mitsitsin kare ne, fari mai kunne ruwan ƙasa, ya naɗe mata ƙafa da igiyarsa yana lasarta kamar an shafa mata man shanu. Mai igiyar, wani dogon saurayi cikin kwat mai kyau, ya miƙo hannu don kada ta faɗi. Sai ta ga abin da ke hannun: 'yar leda ɗaure, cike, har tana turiri cikin sanyin safiya.

"Ƙazami kawai," ta faɗa ƙasa-ƙasa, don ta ɗauka babu mai jin Hausa a titin.

"Ni ko shi?" in ji saurayin.

Kunya ta kama ta, amma ba ta janye ba. "Ku biyun."

Ya yi dariya. Sunansa Dalyop, ɗan Jos, yana aikin kwamfuta a Germantown. Karen kuma Biskit. Ya roƙi lambarta, wai don ya biya kuɗin sabulun da za ta ƙarar a ƙafar. Ta ba shi daga nesa, ba ta yarda ya taɓa wayarta ba.

Da yamma saƙo ya shigo: "Gimbiyar tsafta, na wanke hannu kafin in rubuto. Biskit yana ba da haƙuri."

Ta amsa: "Mai leda, ka sake wankewa."

Haka aka fara. So kuwa ba ya neman shawarar hanci. Cikin 'yan watanni Atine ta saba da muryarsa har ba ta iya kwanciya sai ta ji shi, sai dai duk hirarsu a tafe ake yi, domin Biskit ba ya zama. Ita da ta kwana a tsaye, ga ta tana bin kare zagaye unguwa.

"Wai wannan ɗan abin da bai fi kaza ba, me zai yi da wannan tafiyar?" ta tambaye shi wata rana.

"Ƙanƙantarsa ce ke yaudarar mutane, Tine. Irinsu don farautar ɓera aka yi su. In bai samu awa guda na gudu a rana ba, rabi da safe, rabi da yamma, to kujera da takalmi za su gaya miki."

Yana rufe baki Biskit ya tsuguna a kan ciyawa. Dalyop ya zaro leda daga aljihu, ya zura hannu ciki, ya sunkuya. Atine ta kau da kai. Ita nas ce, ta ga abin da ya fi haka, amma wancan na mutum ne, kuma da safar hannu. Namiji mai digiri biyu ya durƙusa wa kashin kare a bainar jama'a, wannan kam ya ƙi wuce mata a maƙoshi.

Da magana ta yi ƙarfi, Baba Kambai, mahaifinta, ya yi abin da ake yi a gida: ya tura a binciko masa yaron. Baba mutum ne da ko wasiƙa ya taɓa sai ya wanke hannu. Wanda ya tura shi ne Kawu Jerome, ƙanin Mama, wanda dama yana da nasa ɗan takara, wani mai kantin magani a Gaithersburg da ba ya kiwon ko kifi.

Binciken ya faɗo a Fabrairun 2010, lokacin da dusar ƙanƙara ta binne gari, ba mai fita. Da aka ɗan share hanya, Kawu ya lallaɓa gidan Dalyop ba sallama, ya leƙa ta gilashin ƙofa. Ya dawo yana tofar da yawu.

"Yaya, yaron nan ba kalau yake ba," ya ce wa Baba a falo, Atine da Mama suna zaune. "Na same shi a rarrafe, yana jan tsohuwar safa, kare yana ja da haƙori. Ya jefa ƙwallo sama a matakala, karen ya hau ya sauko, ya sake jefawa, ƙwallon duk yawu. Sannan ya kife kofuna a ƙasa, ya ɓoye abincin kare a ƙarƙashi, karen yana turawa da hanci yana lashewa. Da na shiga, ka san me ya ce? Kawu, in kawo maka shayi?"

Baba ya ajiye kofin da ke hannunsa, ya ture shi gefe.

"Maƙwabta kuma sun ce safe da yamma yana yawo da leda yana kwashe abin da karen ya yi."

"A gida kare a tsakar gida yake, ya ci saura ya yi gadi," in ji Baba. "Ba zan ba da 'yata ga mai yi wa kare bauta ba. Ko karen ya tafi, ko maganar ta mutu."

Abin da ya fi ci wa Atine rai shi ne, a ranta ta yarda da Baba. Ta rubuta wa Dalyop: "Ka kai shi inda ake karɓar karnuka. Ni ma na gaji da ƙyama. Ka zaɓa."

Amsa ta zo: "Kofunan nasa ne, ba na sha da su. Ba hanyar fita, in bai gaji a cikin gida ba sai ya haukace. Amma ba zan iya ba da shi ba, zuciyata."

"To ka aure shi."

Ta daina ɗaukar wayarsa. Mai kantin magani ya fara zuwa da furanni, hannunsa fes, hirarsa ba gishiri. Atine ta yi kuka a ɗakin wanka har ta gode Allah, tana jin haushin kanta da ta zama kishiyar kare.

Wata Lahadi bayan an tashi coci saƙo ya shigo: "Gimbiya, ki ba ni yammacin yau kawai. In kika ga abin da zan nuna miki kika ce in tafi, zan tafi."

Ta je, fuska a ɗaure. Ya fara kai ta fili, ya yi ta jefa ƙwallo, Biskit na gudu har harshensa ya zazzago. Ƙwallon ya jiƙe sharkaf da yawu da laka, Dalyop yana ɗauka da hannu. Atine ta tsaya nesa tana yatsina. Daga nan suka wuce wani gidan kula da tsofaffi.

A ɗakin ƙarshe wani tsoho Ba'amurke yana zaune a keken guragu, bakinsa a karkace, hannu ɗaya a mace a kan cinya.

"Wannan shi ne Mista Gregory," in ji Dalyop a hankali. "Da na zo karatu ban san kowa ba, shi ya ba ni ɗaki a gidansa. Ba shi da kowa sai karen nan. Ranar da ɓarin jikinsa ya shanye, kafin a sa shi a mota, ya damƙa mini igiyar."

Ya ɗora Biskit a cinyar tsohon. Karen da ba ya zama ya kwanta luf, ya sa kansa a kan mataccen hannun, ya lumshe ido. Yatsun tsohon na ɗaya hannun suka fara shafa kunnensa, hawaye na bin karkataccen bakin.

"Zuwanmu na farko ya yi ta tsalle da haushi, ya ture tiren wata tsohuwa, ma'aikatan suka kore mu," Dalyop ya ci gaba. "Suka ce in ya sake, ba zai ƙara shigowa ba. Sai ya gaji liƙis yake kwanciya haka. Kuma ba gajiyar rana ɗaya ba ce, sai an yi kullum."

"Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Kin ce kada in ƙara kawo miki zancen kare a hira."

Gaskiya ne, ta faɗa, ba sau ɗaya ba. Miyau ya zubo daga gefen bakin tsohon, Dalyop ya ciro hankici ya share masa kamar ba komai. Biskit ya ɗago ya lashi yatsan Atine. Ba ta janye hannun ba.

Da dare ta kwashe komai ta gaya wa Mama. Washegari Kawu Jerome ya zo jin ranar da mai kantin magani zai turo manyansa.

"Baban Atine, ina da magana," in ji Mama. "Shekarar da aka yi maka aiki a ciki, ka yi watanni ba ka iya zuwa bayi. Wa ya riƙa ɗaukar fo ɗin?"

Baba ya gyara zama. "Constance, wannan wace irin magana ce a gaban yara?"

"Ni na ɗauka. Kuma kada ka zaci ban ji ƙyama ba. Nakan fita in yi amai, in wanke baki, in dawo da murmushi. Kai kuma, Jerome, daga bakin ƙofa kake gaisuwa, hankici a hanci." Kawu ya sunkuyar da kai. "Mai hannu fes ban san abin da zai yi ranar wari ba. Wannan yaron kuwa ka gano mana da idonka. Saboda alkawari ga tsohon da ba danginsa ba, kullum yana sunkuyawa. Shi nake so wa 'yata."

Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Karen ba zai shiga gidana ba," ya ce daga ƙarshe.

"Ba wanda ya gayyace shi," in ji Mama.

Atine ta ruga ɗaki ta rubuta: "Mai ledana, ka turo manyanka. Sharaɗi: ba kicin, ba gado, kuma kofunansa su bar gidan."

"Na yarda, amaryata. Kofi ɗaya fa?"

"Ko rabi."

An ɗaura aure da bazara. Da sassafe ango ya fita da Biskit ya gajiyar da shi, don haka karen ya yi barcinsa a cinyar Mista Gregory a layin baya har fasto ya gama. Baba bai kalli wajen ba ko sau ɗaya.

A wurin liyafa Baba ya kira ango gefe, ya miƙa masa wani kwali a naɗe. Dalyop ya buɗe, sai ga safar hannu ta roba, irin ta asibiti, cike da kwalin.

"Ka riƙa sawa, don Allah," in ji Baba, yana yamutsa fuska. "Har yanzu in na tuna sai abinci ya fita raina."

"To, Baba."

Sai Baba ya kama hannun nan da ya sha ƙyama, ya riƙe shi da hannu biyu, ya yafito Atine, ya ɗora hannunta a kai.

"Yau tana ƙamshi, kowa na sonta. Akwai ranar da ba haka ba. Saboda ranar nan nake ba ka ita. Ubangiji ya albarkace ku."

Aka amsa da amin. Atine ta lura, har aka tashi Baba bai je wanke hannu ba.