Madam To

"Ina yadina?"

Yayar saurayina Kafinta ce tsaye a bakin shagona, jaka a hammata, ko gaisuwa babu.

Na ce, "To, Yaya, ai an kusa..."

"Ban tambaye ki an kusa ba. Ina yake?"

Ba ta jira ni ba. Ta wuce keken ɗinkina, ta nufi tulin kayan da ke kusurwa, ta dinga zaro ledoji tana jefarwa har ta kai ƙasa. Ga yadinta nan a naɗe yadda ta kawo shi, almakashi bai taɓa shi ba. Da yammacin ranar kuwa ake yaye ɗanta daga makaranta, rigar da za ta sa ke nan.

"Wannan ce za ta riƙe wa ƙanena gida?" Bango take tambaya, ba ni ba. "Ina raye? Gara ya auri keken!"

Ni kuwa bakina bai san wata kalma ba. Na ce, "To."

Sunan da 'yan layinmu suka laƙaba mini ke nan, Madam To. Ɗinki dai na iya, ba yabon kai ba. Abin da ban iya ba shi ne in kalli idon mutum in ce ba zai yiwu ba. Mai riga gobe, to. Mai labule jibi, to. In karɓi aikin mutum goma, in rasa ta inda zan fara, in ɗauki waya in ta latsawa har rana ta yi tsaka.

Telar da ke shagon gaba da nawa, wadda muke kira Bakin Zuma, ta gane ni sarai. Duk aikin gaggawar da ta ga zai zame mata rigima sai ta turo mini. "Ku je wajen ƙawata, ba ta mayar da mutum!" Na daɗe ina ɗauka ƙauna ce. Ban kuma taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa ƙafar teburinta ke rawa duk sati ba, har sai an kira mata Kafinta.

Da yamma Kafinta ya zo. Ya zauna a kujerar da shi ya ƙera mini, ya zaro ƙusoshi daga aljihunsa ya zube a tebur don kada su soke shi.

"Rabin raina, Yaya ta kira Mama. Mama ta kira Kawu."

"To."

"Kin ji ko? Abin da ke cina ke nan. Ranar da na ce ina sonki, me kika ce mini?"

"Na ce to mana..."

"Mai labule ma haka kika ce masa. Tun bara labulensa yana cikin tulin can. Ni a wace leda nake?"



"Zan iya tsayawa gaban 'yan gidanmu saboda ke," in ji shi. "Amma ba a kan to ɗin da kowa ke samu kyauta ba."

Ya fita, ya manta ƙusoshinsa.

Na yi kuka, ba mai yawa ba. Da na gama na ɗauki ƙusa huɗu na kafa a bango da dunduniyar takalmi. Duk sun karkace. Na ce wa kaina kowace ƙusa aiki ɗaya zan rataya mata, idan sun cika sun cika.

Washegari na fara bin gidaje ina mayar wa mutane yadinsu. Na sha zagi iri-iri. Mai labule ya ce shi har ya canza taga.

A'a ta farko kamar tari ta fito. Sai na koma gwadawa a gida. Mamana ta ce, "In ƙara miki abinci?" Na ce, "A'a." Ta ajiye cokali ta taɓa goshina.

Waya na jefa ta a durowa, ba ta fitowa sai aiki ɗaya ya sauka daga ƙusa. Kalmar to kuwa na sallame ta daga shago. In zan karɓi aiki, rana nake faɗa, in kuma cika. Da farko ciniki ya ja baya har na fara tsorata. Daga baya waɗanda suka zage ni suka dawo da ƙawayensu.

Kafinta kan wuce ta ƙofata, ya ɗaga hannu, ya wuce. Na yi kewarsa ƙwarai. Ban kira shi ba, don ban ga abin da zan faɗa masa wanda bai taɓa ji ba.

Rannan sai ga Yaya da sabon yadi, Bakin Zuma na biye da ita tana murmushi. Daga shagon gaba ina jin bugun gudumar Kafinta, ƙafar teburin nan ta sake rawa ke nan.

"Jibi nake so," in ji Yaya.

"Ai ƙawata ba ta mayar da mutum," in ji Bakin Zuma, "balle ke!"

Na dubi bango. Ƙusoshin duk a cike. Kalmar ta taso har bakin leɓena, tsohuwar ƙawa ce, ta san hanya.

"A'a, Yaya."

Bugun gudumar ya tsaya.

"Ni kika ce wa a'a?"

"Babu wuri sai Asabar. In kin yarda naki ya hau ranar, ki karɓa Laraba. In na amsa miki jibi ƙarya zan yi, kuma na riga na yi miki ɗaya."

Ta daɗe tana kallon bangon.

"Wa ya kafa waɗannan karkatattun?"

"Ni ce."

"Da gani." Ta ajiye yadin a tebur. "Laraba. In ta wuce, kin san sauran."

A bakin ƙofa ta juya ga Bakin Zuma. "Ke kika ce mini za ta amsa ta sake kunyata kanta. Teburin nan naki kuma ki sayi sabo, ƙanena yana da aiki."

Ranar Laraba ta karɓi rigarta. Ta juya ta ciki da waje tana neman aibu, ta ce hannun ya ɗan yi tsawo. Bai yi ba. Da rigar ta tafi gidan Mamansu.

Da yamma Kafinta ya shigo da guduma.

"Bari in miƙe miki ƙusoshin nan, suna zubar mini da mutunci a layi."

"A'a. Bar mini kayana haka."

Ya yi dariya, sannan dariyar ta ɗauke. Ya ajiye gudumar.

"Kawu ya ce in tambayo. Ni ma ina son in ji da kunnena... Rabin raina, za ki aure ni?"

Ban yi sauri ba. Na bar shi tsaye har ya fara murza hularsa.

"To," na ce.

Tun ranar da na kafa ƙusoshin nan, shi kaɗai ya ji wannan kalma daga bakina.